A Gaban Wa Ka Karanta?

Gidanmu a Zaitawa gidan karatu ne tun kafin a haifi kakana, kuma ni ne ɗan da aka kai boko. Ba gudu na yi ba. Baba da kansa ya riƙe hannuna ya kai ni, ya ce ko gidan malamai ne yana bukatar wanda zai riƙa karanta musu takardar asibiti. To, na karanta takardar asibiti, na wuce, har na tsinci kaina ina rubuta manhajar kwamfuta a wani ofishi can bayan Ƙofar Nassarawa. Yayana shi ya zauna a soro gaban Baba, ya bi littattafai ɗaya bayan ɗaya har ya zama shi ke karɓar ƙananan ɗalibai. Ni kuwa idan baƙo ya zo ana nuna 'ya'ya, sai Baba ya nuna ni da haɓa ya ce wannan mai gyaran kwamfuta ne. Wallahi ban taɓa kwance kwamfutar kowa ba, amma na gaji da gyara zancen na ƙyale shi.

Akwai abin da Baba yake yi idan ɗalibi ya kai ƙarshen littafi, wanda tun ina yaro yake tsaya mini a rai. Ɗalibin zai karanta layukan ƙarshe, sai Baba ya rufe littafin da hannunsa, ya ɗora tafinsa a kai, ya fara jero sunaye: ni na karɓi wannan littafi daga malamina wane, shi ya karɓa daga wane, shi ma daga wane, har a fita Kano, a fita ƙasar Hausa, a dangana da wanda ya wallafa shi. A ƙarshe sai ya sa sunan ɗalibin a cikin jerin, ya yi doguwar addu'a, a shafa, a raba dabino. Na ga magidanta masu furfura suna share hawaye a wurin. Yaya an yi masa wannan addu'ar har na daina lissafi. Ni ranar da na kawo takardar digirina, Baba yana laluben tabaraunsa ya ce Allah ya sa albarka, kuma har na mayar da ita cikin ambulan bai samu tabaraun ba. Ba zan ɓoye ba, ina son addu'ar nan so mai tsanani, kuma girma da aure da 'ya'ya ba su rage mini komai ba.

Amma ba don ita na fara aikin ba. Ƙaiƙayi ne ya sa ni. Duk mai rubuta manhaja yana rubutu ne da wani harshe mai kama da na mutane, ita kuwa na'ura ba ta jin komai sai lambobi. A tsakaninsu akwai wata manhaja da ake kira kompaila, aikinta ke nan ta karɓi abin da ka rubuta ta juya shi zuwa abin da na'ura za ta aikata. Ni tafinta nake ce mata, don shi ne sunan da ya dace. Shekara da shekaru ina miƙa wa tafintan wasu mutane rubutuna, ina danna maɓalli, abu yana fitowa, ana ce mini sannu da aiki, alhali ban san me ke faruwa a tsakani ba. Wata rana tafintan ya ƙi karɓar wani layi da zan iya rantsuwa daidai yake, ya kuma jefo mini wani dogon Turanci na raini. Na zauna ina harararsa, na ce a raina, kai ɗin wa, ai mutum ne ya gina ka. A cikin adaidaita sahu a hanyar gida na yanke sai na gina nawa.

A gefen soronmu akwai shagon da na yi gwaurantaka a ciki, wanda bayan aurena ya koma ma'ajiyar tsofaffin katifu da matacciyar fankar Yaya. Na fitar da tarkacen, na share, na sa tebur da kujera ɗaya, na shimfiɗa tabarma. Lokacina shi ne daga dawowa sallar asuba zuwa sanda zan yi shirin ofis, sai kuma yammacin Asabar da Lahadi. Bango ɗaya ya raba ni da soro, don haka duk abin da na rubuta a cikin sautin karatu na rubuta shi, wani yana ja da ƙarfi, wani yana in'ina, Baba yana gyaran murya idan an yi kuskure. Maiɗakina takan kawo mini koko da ƙosai ta ajiye a bakin tebur, ta ce in na ga dama in sha da zafi, in na ga dama in ba tafinta. Idan an ɗauke wuta sai in yi ta tsere da batir, in ya mutu in jingina da bango in ci gaba da aikin a kaina. Na yi shekaru ban ji daɗin safiya irin na wannan lokacin ba.

Harshen da tafintan zai fassara ni na ƙirƙire shi, ɗan ƙarami, kuma na sa kalmominsa na Hausa don babu wanda zan nemi izininsa: idan, in ba haka ba, maimaita, mayar. Na fara koya masa yanka rubutu gunduwa-gunduwa, ya gane wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan alama ce. Wannan bai ba ni wuya ba, har na fara jin kaina. Sai na shiga koya masa gane yadda gunduwoyin ke haɗuwa su zama magana, ya san me za a fara yi, me za a jinkirta, wane ne a ƙarƙashin wane. Nan na raina kaina. Littattafan da nake dubawa na Turawa ne, masu kauri, marubutansu kuma suna da wata ɗabi'a ta cewa wannan a fili yake daidai inda abin ya fi duhu. Na sha rufe littafi in ce masa Allah ya isa, in sake buɗewa.

Ranar da na rubuta masa ya haɗa biyu da uku, ya fassara, na'ura ta fito da biyar, sai da na miƙe tsaye. Na sungumi kwamfutar na shiga cikin gida ina kiran maiɗakina ta zo ta gani. Ta goge hannu ta leƙa, ta dubi biyar ɗin, ta dube ni, ta ce wayarta ma tana yi, kuma ba ta hana kowa karin kumallo. Yaya da ya ji labari sai ya mayar da ni abin tsokana, duk inda muka haɗu sai ya tambaye ni ko biyar ɗin tana nan lafiya, ko ta yi girma ta zama shida. Ban ji haushinsu ba, don ni na san hanyar da biyar ɗin nan ta biyo, kuma kowane lungu na hanyar ni na gina shi.

Akwai kuskuren da ya cinye mini damina guda. Idan wani sashen manhaja ya kira kansa da kansa, sai tafintan ya manta inda ya ajiye kayansa, ya dawo ya ɗauki na wani, komai ya rushe. Ga ruwa yana zuba ta indararo, ga azara tana ɗiga a kusurwa na tara bokiti, ga ni ina bin lambobi ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na yi fushi na yi kwanaki ban shiga shagon ba, ina wuce ƙofarsa ina kau da kai. Da na koma sai na tarar ashe wuri ɗaya na ajiye abu kafin in matsa, maimakon in matsa sannan in ajiye. Na gyara, na yi dariya ni kaɗai, har wani ɗalibi ya leƙo ya ga ko lafiya.

A wurin masu wannan aiki akwai matakin da ake ɗauka shi ne kammalawa. Za ka sake rubuta tafintan gaba ɗaya da harshen nan naka, ka miƙa masa rubutun kansa ya fassara. Sabon da ya fito shi ma ka miƙa masa wannan rubutun ya fassara. Idan abin da na farko ya fitar da wanda na biyu ya fitar sun zo iri ɗaya, ba bambancin ko ɗigo, to tafinta ya tsaya da ƙafarsa, ba ya bukatar na kowa. Wannan ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, har ƙaramar 'yata da aka haifa ina tsaka da aikin ta fara tafiya tana shigowa tana ja mini waya. Wata safiyar Asabar na gwada, na'ura ta yi shiru, wanda shi ne alamar babu bambanci. Na sake gwadawa, ta sake yin shiru. Na jingina da kujera ina jin muryar Baba ta bayan bango, kuma a nan ne tunanin ya faɗo mini cewa ni ma yau na kai ƙarshen littafi.

Da rana na bi ta Shahuci na shiga kasuwa na sayo dabino mai kyau, mai yawa, irin wanda ake raba wa soro guda. Maiɗakina ta ga ledar ta gane nufina tun kafin in buɗe baki. Ta ce in fara jin ta bakin Baba tukuna, dabino ba ya guduwa. Na ce mata ita ba ta san Baba ba, mutum ne mai girmama wahala, kuma wahalar da na sha ba ta gaza ta kowane ɗalibi ba. Ta ce to, ta juya ta ci gaba da tankaɗenta.

Na bari sai da ɗaliban la'asar suka watse, ya rage daga Baba sai Yaya yana tattara littattafai. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwamfutar a gabansa, na yi masa bayani iyakar iyawata. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ya saurara, ba sauraron kunya ba. Ya tambaye ni idan aka ba tafintan maganar da ba ta da ma'ana me yake yi, na ce yakan ƙi, ya faɗi layin da matsalar take. Ya gyaɗa kai ya ce ya fi wasu tafintocin. Ya tambaya ko yana ƙara nasa a cikin fassara, na ce ko kaɗan. Na nuna masa yadda ya fassara kansa, da yadda biyun suka zo iri ɗaya. Sai na sunkuyar da kai na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ina roƙon ya rufe mini wannan aiki kamar yadda yake rufe wa ɗalibai littafi.

Ya murza carbinsa. Can ya ce, “A gaban wa ka karanta?”

Na ce a littattafai na koya, da kuma wasu mutane a intanet da nake tambaya su ba ni amsa. Ya tambayi sunayensu. Na ce yawancinsu ko sunan gaskiya ba sa sawa. Ya tambaya ko sun san ni, ko akwai wanda na taɓa zama a gabansa ya ji ni ya ce na yi daidai. Na ce babu, amma ai na'urar da kanta ta tabbatar, ga shi ya gani da idonsa. Ya ce abin da na gina da hannuna ne ya ba ni shaida, kuma shi bai san inda ake karɓar shaidar mutum a kan kansa ba.

“Idan na ɗora hannu a kai, sunan wa zan kira kafin naka?” in ji shi. “Ba ni na ba ka ba. Ban san wanda ya ba ka ba. Ba zan ɗaga hannu gaban Allah in jero abin da ban sani ba.”

Sai ya ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa ya amfani mutane. Yaya, Allah ya saka masa, ya yi kamar yana neman wani abu a cikin gafaka. Na rufe kwamfutar na ce amin, na tashi.

Kai, na ji haushi. Na shiga shago na zauna ina huci, ina jero wa bango amsoshin da ban iya faɗa a soro ba. Shi wanda ya wallafa littafin farko a gaban wa ya karanta shi? Ni aka ɗauka aka kai boko ba a tambaye ni ba, yanzu kuma a ce ba ni da malami? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar shaidar nan ba ƙarya ya faɗa ba, don tafinta yana iya zuwa iri ɗaya da kansa alhali kuskure ɗaya yake maimaitawa. Dabinon kuwa maiɗakina ta raba wa maƙwabta a matsayin sadaka, ba ta ce ai na faɗa maka ba, wanda da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na yi kwanaki ina gaida Baba gaisuwar wajibi, in durƙusa in tashi, shi kuma yana amsawa kamar ba abin da ya faru.

Fushina dai ba ya daɗewa, ga shi kuma aikin bai yi mini laifi ba. Na koma shago. Na koya wa tafintan ya riƙa faɗin kuskure cikin ladabi, da Hausar da mutum zai gane, ba irin rainin da aka yi mini ba. Na rage masa nauyi, na sa ya ƙara sauri. Koko ya ci gaba da zuwa, wuta ta ci gaba da tafiya da dawowa, Yaya ya koma tambayar lafiyar biyar. Na gaya wa kaina cewa na gina abin da nake so in gina, na san cikinsa da bayansa, kuma wannan ya isa. Rabin zuciyata ta yarda.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da babu karatu a soro, ina zaune a shago ina gyara wani ɗan abu sai na ji sallama a bakin ƙofa. Muryar Baba ce. Tun da na gyara shagon bai taɓa leƙowa ba, kuma a gidanmu uba ba ya zuwa ɗakin ɗa, aikowa yake a kira shi. Na zabura na miƙe, na ɗauka wani abu ne ya faru a cikin gida. Sai na ga yana tuɓe takalmansa, ya jera su a waje, ya shigo da tabaraunsa a hannu.

Na jawo masa kujerar, ya ce a'a. Ya dafa bango ya sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zauna a kan tabarma. Na tsaya ƙerere ban san inda zan sa kaina ba. Ya ce ya yi ta juya maganata tun ranar, ta hana shi sakat. Ya ce abin da ya faɗa yana nan, bai canza ba, ba shi da sunan da zai kira kafin nawa.

“Amma bayan naka ana iya samu,” in ji shi. “Abin da ba ka karɓa daga kowa ba, in ba ka ba wa kowa ba, da kai za a binne shi. Zauna.”

Ya nuna mini kujerar. Na ce Baba, don Allah. Ya ce ɗalibi ba ya zama sama da mai ba shi karatu, kuma shi bai zo ya karya abin da ya yi rayuwarsa yana koyarwa ba. Na ce ni ma ba zan zauna sama da ubana ba ko za a yanka ni. Muka ɗan yi ja-in-ja, shi da taurin kansa ni da nawa, wanda a wurinsa na gada. A ƙarshe na sauko da kwamfutar ƙasa, na zauna a tabarmar, shi kuma ya ja jikinsa baya kaɗan har sai da ya sauka daga gefenta ya koma kan siminti, don dai kada mu zama daidai.

Ya ce in buɗe daga farko. Na buɗe shafin farko na rubutun tafintan, na ƙara girman haruffa. A karatun soro ɗalibi ne yake ja, ya karanta abin da ke rubuce ya tsaya, malami ya fassara masa, sannan ya ci gaba. Baba ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsansa a kan gilashin kwamfutar. Rubutun boko ba ya yi masa sauri, don haka harafi-harafi ya bi layin farko, da wannan muryar da na taso ina jin tana gyara wa manyan malamai karatu. Ya kai ƙarshen layin ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana jira.

Na san ma'anar layin nan fiye da kowa a duniya, ni na rubuta shi. Na buɗe baki zan fassara masa, sai haruffan suka fara narkewa a idona.

Bai ɗago kai ba, yatsansa yana nan inda ya tsaya. Ya ce, “Ina jin ka, Malam.”